Motar Idi a Tsakiyar Rafi

Jiya wani saurayi ya tsaya a bakin garejina yana kallona ina fitar da giyar wata tsohuwar mota da ta maƙale a fakin, wato harafin P. Da na gama, sai ya ce wa abokinsa, da ƙarfi yadda zan ji, "Au, shi ke nan? Ai wannan a waya ma ana nunawa, minti biyu ne." Na ci gaba da taunar gorona, amma maganar ta tsaya mini a rai. To, ku samari masu waya, ku matso kusa. Gaskiyarku ce, minti biyu ne. Amma bari in ba ku labarin wani minti biyu da ya kusa tafiya da motar mutum da sunana gaba ɗaya.

Sunana Lawal, amma a tashar Daura Oga Lawal Giya ake ce mini, don tun ina matashi giyar mota ce abincina. Na koyi aiki a hannun marigayi Malam Hassan, mutumin da ke gane ciwon mota daga kukanta tun tana nesa. Aikin farko da ya ba ni shi ne wanke notuna a gwangwanin kananzir, kuma shekara guda cur ban riƙe sufana ba sai don in miƙa masa. In na miƙa lamba goma sha uku a maimakon sha huɗu, ba ya magana, sai ya ajiye ta ƙasa ya ci gaba da miƙo hannu har in gane da kaina. Ranar da ya fara barina na sauke giya ni kaɗai, ya sa na baje haƙoranta a kan buhu, ya hautsina su da ƙafa, ya ce kafin ya dawo daga La'asar ta koma yadda take. Sai da na yi kwana uku ina fama da ita.

Bai tsaya kan giya kaɗai ba, ya koya mana dabarun hanya. In tankin mai ya huje a daji, ka liƙa masa sabulu. In bel ɗin inji ya tsinke, igiya za ta kai ka gari. Akwai kuma wadda na fi so. Ya ce, "In fiyus ya ƙone maka a hanya, ka ciro na fitilar burki ka sa a gurbinsa. Fitila ce da kai direba ba ka taɓa ganinta, kuma a daji ba wanda ke bin bayanka sai jaki." Muka yi dariya, muka riƙe. Da na buɗe nawa garejin, duk direban da ya zauna a bencina sai da na koya masa wannan, ina taƙama kamar ni na ƙirƙiro ta.

Haka na yi shekaru ina shan sharafina da motoci masu kuloci. Sai aka fara shigo da tsofaffin otomatik ta Kongolam, can bakin iyaka, ɗaya bayan ɗaya, har suka cika gari. Ni kuwa na raina su. Na ce mota ba kuloci ai ta raggaye ce, ba zan ɓata hannuna da ita ba. Ina nan ina cika baki, masu kulocin suna ƙarewa, ana yanka su ana sayar wa 'yan gwangwan. Shekarar da abin ya kai ni bango, na yi wata biyu ban sauke giya ko ɗaya ba. Ramin da muke shiga mu duba ƙarƙashin mota, kazar maƙwabta ta yi ƙwai a ciki, ta kwanta a kai har ta ƙyanƙyashe, ba motar da ta zo ta tashe ta. Ranar da na ga 'yan tsakin nan suna yawo a ramina na ji kunya ta kama ni, na ce Lawal, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Na nemi gawar wata otomatik da ta yi haɗari, aka jawo mini ita gareji. Damina guda na yi ina kwance ta ina ɗaurawa, kamar ranar da Malam Hassan ya hautsina mini haƙora a kan buhu. A nan na gano cewa in ka sa irin wannan mota a fakin, makulli biyu ne ke riƙe ta. Na farko yana can cikin giya, wani ɗan ƙarfe ne da ke faɗawa tsakanin haƙora kamar sakatar ƙofa, ya hana tayoyi juyawa. Na biyu yana sama, a gindin sandar giyar da kake riƙewa, kuma shi da wuta yake aiki. Ba ya sakin sandar sai ka taka burki, wutar ta iso ta ce masa ya saki. In wutar ba ta iso ba, ko kai ne sarkin ƙarfi, sai dai ka karya sandar. Amma masu ƙera motar sun bar wata 'yar ƙofa. A gefen sandar akwai ɗan murfi, bai kai farcen babban yatsa ba. In ka ɓalle shi, ka zura siririn ƙarfe ka danna, makullin sama zai saki ko da babu wuta, ka ja sandar zuwa firi, wato harafin N, inda mota ke turuwa. Ranar da na gano ramin nan na yi ihu ni kaɗai a gareji har mai shayi ya leƙo.

Yanzu ga labarin Idi. Idi Dogo direba ne, tsarana, ya fi shekara ashirin yana kawo mini mota. Yana jigilar mutane da kaya daga ƙauyukan hanyar Baure zuwa kasuwar Daura. Da tsohuwar motarsa mai kuloci ta gaji har ta daina jin magani, ya sayar da ita, ya haɗa da gonar da ya gada, ya sayi wata doguwar otomatik ta hannu. Ni na raka shi Kongolam, ni na shiga ƙarƙashinta, ni na ce masa, "Saya, Idi, wannan lafiyarta ƙalau." Duk tasha ta san da bakina aka saye ta. Ba shi da wani abu a duniya bayan motar nan, kuma yana ji da ita yadda ba ku zato. Kwana biyu da sayenta ya kai ta wajen mai ɗinkin kujeru aka lulluɓe mata gaba da jan kafet mai gashi, aka manne ko'ina da gam, har gindin sandar giya.

Kwana tara da sayenta, a tsakiyar damina, bayan Azahar, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, ban ma gama sallama ba.

"Oga Lawal! Oga, ka taimake ni don Allah! Mota ta ƙi fita daga fakin, ga ni a tsakiyar rafi!"

"Wane rafi kuma, Idi?"

"Na mashigin garin su Malam Buba. An yi ruwa mai yawa a gabas, mutanen gari sun ce yana nan tafe!"

Na san mashigin. Rafi ne busasshe, yashi ne shimfiɗe, hanya ta ratsa ta cikinsa ta haura gangare a ɗaya gefen. Amma in aka yi ruwa a gabas, bayan ɗan lokaci yakan kawo, kuma in ya kawo ba ya sallama. Na suri sukudireba da filaya na cusa a aljihu, na haye babur. Tafiyar minti ashirin ce, amma ranar ban san yadda na yi ta ba, taɓo na fallatsa mini har cikin kunne, hulata ma a hanya na bar ta.

Da na iso, ruwan sama ya ɗauke, amma rafi ya fara kawowa. Jan ruwa ne ya kai idon sawu, yana tafe da karare da kumfa. Motar Idi na tsaye a tsakiya, hancinta na kallon gangare. Fasinjoji sun kwashe kayansu sun haura, manoma kusan ashirin sun naɗe wanduna suna turawa suna kabbara, mota ko gezau. A gaba an ɗaura mata sarƙa, bijimai biyu na noma suna ja har wuyansu na rawa, tayoyin gaba kuwa a kulle, sai huɗar yashi suke yi suna ƙara nutsewa. Mai shanun shi ne Malam Buba, dattijon da ya fi kowa sanin rafin nan.

Na ce, "Baba, sannunku da aiki. Yaya kake ganin ruwan?"

Ya nuna mini wani kututturen itace a gefen rafi. Ya ce, "Bakanike, ka ga wancan? In ruwa ya rufe kansa, zan kwance shanuna. Ba zan ba rafi mota in ƙara masa da shanu ba."

Na dubi kututturen, bai fi taƙi biyu ya rage ba. Na faɗa cikin mota, na murɗa makulli. Shiru, ko ɗigon fitila babu a gaban direba.

"Idi, ina wutar motar nan?"

Ya leƙo ta taga, gumi da ruwa sun haɗu a fuskarsa. "Oga, na yi ta kashewa ina tayarwa ko za ta saki, ya fi sau ashirin. Ga waifar share gilashi kuma na bar ta tana aiki. Daga baya sai ta daina tashi."

Batir ya mutu ke nan. Ba wuta, ba inji, ba abin da zai fitar da motar nan sai shanu, shanu kuma ba za su iya ba sai ta shiga firi. Raina ya ɗan yi sanyi, don na san ƙofar. Na kai hannu gefen sandar giya in lalubo ɗan murfin nan, sai na ji gashi. Jan kafet ne ko'ina, an manne shi tamau.

"A ba ni wuƙa!"

Malam Buba ya zaro tasa daga kube ya miƙo. Idi na ganin na ɗora ta a kan kafet ya riƙe mini hannu.

"Haba Oga! Sati guda fa da manna shi!"

"Idi, kafet kake so ko mota?"

"Ka yanka ta gefe mana, inda ba za a gani ba!"

Wallahi a cikin wannan tashin hankali sai da mutane suka yi dariya. Na fizge hannuna na tsarga kafet ɗin tun daga sama har ƙasa, na yaye shi. Ga ɗan murfin nan, gam ya cika gefensa. Na sa bakin wuƙa na ɓalle shi, ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujera, har yau ba a gan shi ba. Na zaro sukudireba zan zura, ta ƙi shiga. A cikin sauri babbar na ɗauko, bakinta ya fi ramin faɗi. Shekara arba'in ina aiki, ranar da ake bukata na zo da abin da ba shi ba. Da Malam Hassan na da rai, da ya ajiye ta ƙasa ya ci gaba da miƙo hannu.

Na leƙa na yi ihu, "Wa ke da ƙusa? Waya? Wani siririn ƙarfe!" Aka shiga lalube aljihu. Sai wani mai sayen hatsi daga cikin fasinjoji ya gangaro da gudu, ya cire hularsa, ya zaro basillar ɗinkin buhu da ya soke a ciki. Na karɓa, na zura ta cikin ramin, na danna. Na ji ɗan ƙas a ƙarƙashin yatsana, makullin sama ya saki. Na taka burki, na kama sanda na ja. Ta ƙi motsi.

A daidai lokacin na ji sanyi a ƙafata. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Malam Buba ya ɗaga murya, "Bakanike, saura taƙi ɗaya!" Na rufe ido na tuno gawar motar nan da na kwance a gareji. Makulli biyu ne, na buɗe na sama, saura sakatar ciki. Ita kuwa sakata, in mutum ya jingina da ƙofa da dukan ƙarfinsa, ba ta zaruwa. Ga bijimai biyu sun ɗame sarƙa, ga mutum ashirin na turawa ta baya, duk nauyin nan a kan ɗan ƙarfe guda yake.

Na fito da kaina ta taga. "Ku daina turawa! Baba, sassauta sarƙa! Kowa ya dawo gaba, a tura ta baya!"

Malam Buba ya ce, "Baya? Bakanike, ruwan ai a bayan ya fi zurfi!"

Wani ya ce, "Mutumin nan ya ruɗe." Idi kuwa ya ɗora hannu biyu a ka yana salati.

Na ce, "Faɗin tafin hannu kawai nake so! Baba, ka yarda da ni, in ta tafi a ce ni ne!"

Dattijon ya dube ni, ya dubi kututture, sannan ya dafa goshin bijiminsa ya mayar da su baya taku biyu. Sarƙa ta saki ta faɗa ruwa. Ya daka wa mutane tsawa, suka zagayo gaba, suka sa kafaɗa a hancin mota. Ni kuma hannun hagu na kan basilla, na dama na kan sanda, na ɗaga ƙafa daga burki kaɗan don ta samu ta motsa. "Ɗaya, biyu, tura!" Motar ta yi ɗan baya kamar mai gyara zama. Sai na ji ƙwas daga can ƙasa, sanda ta taho a hannuna, ta wuce R na ribas, ta zauna a kan N.

"Ta shiga firi! Ta shiga! Baba, ja!"

Jama'a, ban taɓa ganin shanu sun yi kyau irin na ranar ba! Malam Buba ya yi musu kira, suka sunkuyar da kai, sarƙa ta miƙe tana zubar da ruwa. Mutane suka koma baya da gudu suna faɗuwa suna tashi. Tayoyin da suka yi sa'a guda suna huɗa suka juya, suka fito daga ramin da suka haƙa. Sitiyari ya yi nauyi kamar dutsen niƙa tunda inji ba ya aiki, na rungume shi da hannu biyu ina murɗawa, ruwa na wasa a ƙafafuna, mata a bakin gangare suna guɗa, Idi na gudu a gefen taga yana ihu, "Dama, Oga! Dama! A'a, hagu!" Muka haura, muka haura, har tayoyin baya suka taka tudu. Na ja burkin hannu, aka sa duwatsu, na fito.

Da muka waiga, babu kututture. Ba a yi minti goma ba, inda motar ta tsaya ruwa ya kai ƙirjin mutum, muna kallo ya wuce da jinkar wani rumbu tana juyawa. Idi ya zauna a taɓo yana dariya yana hawaye. Mai hatsi ya zo ya karɓi basillarsa, ya goge ta da riga, ya mayar cikin hula yana cewa daga yau ba ta ƙara ɗinka buhu.

Ni kuwa ban gama ba, don bakanike ba ya barin ciwo bai san tushensa ba, balle motar da da bakina aka saye ta. Aka aro mana batir wajen mai injin niƙa na garin, na haɗa, mota ta tashi lafiya. Na mayar da ita fakin, na taka burki, na ja sanda. Ta sake maƙalewa. Na ce wa Malam Buba, "Baba, don Allah tsaya a baya, in na taka ka gaya mini ko jar fitila ta kama." Na taka. Ya ce, "Babu ko ɗaya." Na durƙusa na buɗe akwatin fiyus, na bi su da yatsa. Gurbin na fitilar burki wayam.

"Idi, ina fiyus ɗin nan?"

Ya ce, "Au, wannan? Yana wajen waifa. Ina shigowa rafi ruwa ya tsuge, waifa ta mutu, ba na ganin gangare. Sai na tsaya na sa ta a fakin, na ciro na burki na sa mata. Nan take ta kama aiki."

Jini ya hau mini kai. A mota mai kuloci wannan ba komai ba ne, amma a wannan, ta fiyus ɗin nan ne wuta ke bi ta gaya wa makullin sama an taka burki. Da hannunsa ya kulle motarsa a tsakiyar rafi. Na miƙe a gaban jama'a na buɗe murya.

"Kai Idi, wane jahili ne ya ce maka ana cire fiyus ɗin burki?"

Ya dube ni, ba fushi ba raini, ya ce, "Kai ne, Oga. A kan bencinka. Ka ce ba wanda ke bin bayana sai jaki."

Malam Buba ya juya yana gyara wa shanunsa igiya, kafaɗunsa na rawa. Damina guda na yi ina kwance gawar mota, na san hanyar wutar nan kamar hanyar gidanmu, amma ko sau ɗaya ban tuna cewa na cika tasha da direbobin da na koya wa tsinke ta ba. Na cire fiyus daga waifa na mayar gurbinsa, na taka burki, sanda ta taho da yatsa biyu. Na ce, "Idi, ka yafe ni. Kafet kuma a kaina yake."

Washegari da safe na sayi fiyus cike da leda na tafi tasha. Na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, ina ba kowa uku, ina cewa maganar da na gaya muku a da, na janye ta. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ai Oga tsufa ne ya fara. Idi na nan da motarsa har yau, kuma a gefen sandar giya ya bar ramin a buɗe, da basilla a soke kusa da shi.

To, samari, wayarku za ta nuna muku ramin, ba na musu. Ku koya, yana da amfani, ku kuma ja burkin hannu kafin ku danna, kada mota ta gangara da ku. Amma ku yi hattara da abin da kuke koya wa mutane da taƙama, don magana ta fi mota gudu. Makon jiya wani direba daga Baure, wanda ban taɓa gani ba, ya kawo mini mota. Muna hira ya rage murya ya ce zai ba ni wani sirri: in fiyus ya ƙone a hanya, a ciro na fitilar burki. Ya ce wani babban bakanike ne a Daura ya fito da dabarar, ana ce masa Oga Lawal Giya. Na ce masa ya buɗe hannunsa, na zuba masa fiyus uku, na ce in ya haɗu da mutumin nan ya gaya masa har yanzu ina nemansa.